Akwai Mama a Ciki

Ni dai a wurin aiki an san ni da kafa sharaɗi. Duk kwamfutar da na saita wa babbar manhajarta, sai na dasa mata masu gadi iri biyu. Akwai gargaɗi, rubutun rawaya, mai ce maka ka lura amma ya bar ka ka wuce. Akwai kuma sharaɗi, jan rubutu, wanda in saitinka ya karkace zai tsaya cak, ko za ka yi ta danne-danne har gobe.

Ƙanena, Auta, da muke shago ɗaya da shi, ba abin da ya raina kamar wannan. Wai kwamfutocina sun gaji mitata, ko tari mutum ya yi sai sun yi masa wa'azi. Nakan ce masa ya ci gaba da garajensa, ranar da zai goge wa wani aikin shekara ina nan zaune.

Tsohuwar kwamfutar gidanmu kuwa ba ta wasa ba ce. A faifanta muryar Mama take, hirarrakin da muka ɗauka kafin ta rasu, har da faɗan da take yi wa Baba a kan shan magani. Kullum da hantsi Baba yakan zauna gabanta da kofin shayinsa, ya saurara, wani lokaci har ya mayar mata da amsa. Kwafi ɗaya tak gare mu, abin kunya ga 'ya'ya biyu masu wannan sana'a.

Ranar na kawo sabon faifai don a yi na biyu. Aikin ba wuya: a share sabon, a kwafe tsohon a kai. Na rubuta sunayen faifan a saiti, Baba na gefe yana tambaya ko zan daɗe. Rawaya ta fito, wai faifan biyu girmansu ɗaya, a duba da kyau. Ni na rubuta gargaɗin nan da hannuna, don haka na wuce shi kamar yadda ake wuce sallamar maƙwabci. Na danna.

Sai ja ya cika allon. Na ja tsaki, don ban tuna na sa wani sharaɗi a nan ba. Na matso na karanta.

"Yaya, tsaya. Faifan da za ki share ba fanko ba ne. Akwai Mama a ciki."

Ashe na juya sunayen, tsohon faifan na sa a share. Na yi maza na janye hannuna daga kwamfutar. Na kira Auta, na tambaye shi yaushe ya sa wannan. Ya ce tun makon da aka yi rasuwa, bai faɗa ba ne don kada in samu abin gori.

Baba bai san me ya faru ba. Ya tura kofinsa gefe ya ce, "In kin gama, kunna min ita. Yau ba ta yi min faɗan magani ba."