Fuskar da Ta Riga Shi Tsallakawa

Fitilar ta kawo ja, ƙofar gilashin ta ƙi buɗewa. Ƙarami ya ja da baya, ya goge fuska da hannun riga, ya sake tsayawa gaban kyamarar yana zare ido kamar yadda aka ce a yi. Ja ta sake kawowa, wannan karon har da ƙara.

"Direba, ko dai yau ba ka wanke fuskar ba ne?" in ji mai tankar man da ke bayansa a layi.

Aka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, don tun da aka kafa na'urar nan a bakin iyaka babu direban da ba ta taɓa yarfawa ba. Da can takarda za ka miƙa, a buga hatimi, ka kama gabanka. Yanzu ƙasashen biyu sun haɗa na'urorinsu, abin da idon wancan gefen ya gani, na wannan gefen ya sani. An ce don tsaro ne, kuma a faɗi gaskiya 'yan fashin hanya sun ragu. Shi dai Ƙarami albasarsa ce a ransa, mota guda cur tana shan rana, ga kasuwa tana jira a tsallake.

Wata jami'a mai tabarau ta fito ta yafito shi. "Malam, biyo ni."

Ɗakin da ta kai shi bai fi ɗakin mai gadi ba: tebur, kujeru biyu, kwamfuta, da fanka mai juya kai tana hura zafi. Ta sa ya dangwala yatsa a kan wani ɗan gilashi, ta yi danne-dannenta, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Kana da babur?"

"Ranki ya daɗe, rabona da babur tun ina saurayi."

"Makon nan abokan aikinmu na tsallake suka aiko da wani hoto. Shi ne na'ura ta ce kai ne."

Ta juyo masa da kwamfutar. Wata hanyar daji ce, ga babur ɗauke da fasinja biyu, ga mai tuƙin ya ɗago kai yana kallon kyamarar da aka maƙala a kan turke. Fuskar Ƙarami ce sak, hanci da baki da komai. Sai dai girar hagu a tsage take, tabon faɗuwa daga keke tun suna yara. Ƙarami ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

Tagwaye ne su, shi da mai tabon nan. A gida Babba da Ƙarami ake ce musu, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu ba ta isa a tafasa ruwa ba. Shekarun baya Babba ya tafi nema, motarsu ta mutu a cikin sahara, wani da ya tsira ya dawo ya ce ba wanda ya fita sai shi. Mutane suka cika gida da gaisuwa, mahaifiyarsu kuwa, Inna, ta ce su kai gaisuwarsu inda aka ga gawa. Aka yi rarrashi, aka yi faɗa, har Ƙarami da kansa ya sha ce mata ta haƙura ta bar wa Allah. A ƙarshe dangi suka yanke cewa baƙin ciki ne ya taɓa ta. Yanzu ta tsufa, idonta ya fara dishi-dishi, amma duk dawowar da zai yi daga tafiya tambayarta ɗaya ce: "Ba ka ga kowa a hanya ba?"

"Kwantar da hankalinka, na san ba kai ba ne," in ji jami'ar. "Ranar da aka ɗauki hoton nan kana can wata ƙofar iyaka da motarka, ga yatsanka nan ya nuna. Mutum ba ya rabuwa biyu. Tambayata ita ce, wane ne wannan?"

"Me ya yi?"

"Tsallakar da mutane yake yi ta ɓarauniyar hanya. Laifi ne, ba zan ɓoye maka ba, in an kama shi zai yi zaman gidan yari. Amma hanyar nan da yake bi ba mu kaɗai ne a kanta ba. Akwai masu bindiga, su kuwa ba sa tambayar takarda. In muka sami sunansa za a iya bin layin wayarsa."

Ƙarami ya ƙura wa hoton ido. Murna ta cika shi, tsoro kuma ya biyo bayanta. Ɗan'uwan da ya yi wa kuka har hawaye suka ƙafe, ga shi da rai, kuma wai da bakinsa zai miƙa shi. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Ban san shi ba."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Malam, fuskarka ce fa."

"Mutum da mutum suna kama, ranki ya daɗe."

Ta dube shi, ba da fushi ba. Sai ta jawo takardunsa ta buga hatimi. "Ba zan tilasta ka ba. Na gyara maka, ƙofa za ta buɗe."

Ya karɓa, ya miƙe, sai ya sake duban kwamfutar. "Ko zan iya ɗaukar hoton nan a wayata?"

"Hoton wanda ba ka sani ba?" Ta ɗan murmusa. "Doka ta hana. Amma kallo kyauta ne."

Ya kalla kuwa, har sai da ya ji kunyarta ta kama shi, sannan ya fita.

A cikin mota ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka mai isarsa. Mai tankar nan ya zo wucewa ya buga masa ƙofa. "Lafiya dai, direba? Sun riƙe takardu ne?"

"Albasa ce," in ji shi.

"Albasar da ke bayan mota a cikin buhu? To Allah ya kyauta."

Da kukan ya lafa sai haushi ya taso. Duk shekarun nan mutum yana numfashi, yana hawa babur, amma ko waya ɗaya bai iya bugo wa tsohuwa ba? Ya so ya tada mota ya haɗiye maganar shi kaɗai, ya kuwa murɗa makulli, sai ya tuna gobe zai koma gida, kuma ya san tambayar da ke jiransa. Ya kashe injin ya ciro waya.

"Inna, na ga Babba."

Yana jin kaji suna kuka a tsakar gida. Ya zaci salati za ta saka ko ihu, sai ya ji ta ce, "Ya rame?"

"A hoto na gan shi. Ya ɗan rame. Furfura ta fito masa."

"Kai ma ai ta fito maka. Ina yake?"

Ya kwashe komai ya gaya mata, babur da hanyar daji da jami'a, har ya zo ƙarshe. "Sai na ce musu ban san shi ba."

"Ka ce me?"

"Inna, kama shi fa za su yi. Kulle shi za su yi."

"Inda za su kulle shin, akwai ƙofa?"

"Akwai mana."

"Ana barin uwa ta je ta ga ɗanta?"

"Ana bari."

"To ni shekarun nan ƙofar da zan ƙwanƙwasa na rasa, Ƙarami. Daji ba shi da ƙofa. Ba na ce dole ba. Ɗan'uwanka ne, in ya fito kai zai riƙe a ransa, ba ni ba. Amma ido na tafiya, ina so in shafa fuskarsa tun ina iya gane ta."

Ya zauna da wayar a kunne. Ya san halin Babba, mutum ne mai riƙo, wataƙila har su mutu ba zai ƙara yi masa magana ba. To amma mai gaba da kai ai yana da rai. Ya buɗe ƙofa ya sauko, bai kashe wayar ba.

Jami'ar tana shan ruwa ya yi sallama. Ba ta nuna mamaki ba, kujera kawai ta nuna masa.

"Ranki ya daɗe, ƙarya na yi ɗazu. Ɗan'uwana ne, tagwaye ne mu." Ya faɗi sunan, da na mahaifinsu, yana jin kowace kalma tana masa ɗaci a baki. Ta rubuta. "Don Allah in an kama shi kada a dake shi. Yana da ciwon ƙirji tun yana yaro."

"Zan rubuta wannan ma, kuma zan kira abokan aikinmu na tsallake da kaina."

Sai ya miƙa mata wayar. "Mahaifiyarmu ce. Ta ce in ba ki."

Jami'ar ta karɓa da hannu biyu, ta gaida tsohuwa cikin ladabi. Ta saba da iyaye masu roƙon a sakar musu 'ya'ya, har ta fara haɗa kalaman ba da haƙuri a ranta. Muryar Inna ta fito tar, har Ƙarami yana ji daga inda yake zaune.

"'Yar nan, an ce na'urarku tana gani har cikin daji?"

"Tana gani, Inna."

"To ku ƙara himma. Allah ya ba ku sa'a, ku kamo min shi da wuri."