Waƙar Bayan Katanga

Inna ta bar riga a bakin allurar keken ɗinki, ta iso asibiti da takalmi wari da wari. Matar ɗanta ta shiga ɗakin haihuwa, jikan fari na hanya! A baranda ta tarar da abin da take gudu: uwar yarinyar zaune a kan benci ita kaɗai.

Shekara biyu da auren, surukan nan ba su taɓa musayar kalma ba. Ba faɗa suka yi ba. Yare daban, addini daban, ga shi ɗan Inna mai yi musu tafinta an tura shi neman jini. Inna, wadda ko da zare hira take yi, ta raɓe a ƙarshen benci bakinta kamar an ɗinke. Abin na cin ta ƙwarai. Jika ɗaya za su haɗa, amma ko sannu ba ta iya yi wa matar ba.

Wata nas ta fito a guje ta koma. Uwar yarinyar ta miƙe, ta zauna, ta fara rera wata waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. Tana tsakiya kuka ya ƙwace mata.

Sai Inna ta ji bakinta ya ƙarasa baitin.

Ita kanta ta firgita. Shagonta katanga ɗaya ne da majami'ar masu yaren nan. Shekara ashirin, duk Lahadi tana taka keke tana mita wai mutanen nan ba sa gajiya. Ashe kunne na ɗauka yana ajiyewa! Wata mai kawo ɗinki ce ta taɓa gaya mata ma'anar baitin: Allah ba ya barin nasa.

Matar ta zaro ido. Ta cafke hannun Inna ta shiga zuba mata yare babu ƙaƙƙautawa.

"Tsaya, baiwar Allah!" in ji Inna, dariya na cin ta. "Iyakar abin da na iya ke nan!"

Ƙofa ta buɗe, nas ta leƙo. "Mace ce! Uwa da 'ya lafiya lau!"

Matar ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta juyo tana kallon bakin Inna. Inna ta laluba kanta kaf, babu "mace", babu "lafiya" a waƙar. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi!"

Wannan kam matar ta sani. Layin masallaci take zaune, ta san lokacin da maƙwabta ke faɗin ta.

"Alhamdulillahi?" ta tambaya.

"Alhamdulillahi!"

Suka rungume juna, ɗankwali ya faɗi babu mai ɗauka.

Ɗan Inna ya shigo yana haki. "Inna, me kike so in gaya mata?"

"Kauce mana," in ji Inna tana share hawaye. "Hira muke yi."