Bunsurun da Ya Tula Haske a Kan Mota Ɗaya

Jiya da dare mafarki ya kwashe ni, ko sallama ban yi ba na tsinci kaina ina tsaka da faɗa da wani bunsuru.

"Na ce maka hasken nan bai isa ba!" in ji ni.

"Ya isa, Iya Kande," in ji shi. "Ke ce kin cika son gani."

Shi ne manajan filin ajiye motoci na wani gidan biki. Kwat ce a jikinsa, yana tauna wayar lantarki a hankali. A garin nan daga ƙasa ruwan sama yake tasowa, don haka kowa lemarsa yake takawa. Motoci kuwa suna kwance suna minshari.

An kawo fitilu sababbi, fararen nan marasa zafi da yara ke ce wa LED, kuma da mudu ake auna haskensu. Bunsurun nan ya juye shi duka a kan motar uban biki, yadda ake tula wa babban baƙo nama. Wurin ya yi ƙwal har ido na hawaye, sauran filin baƙi ƙirin. Can ƙarshe akwai rami a buɗe, ga kuma ƙawata Lantana mai ciwon gwiwa ta fito daga biki da robar shinkafa a ka, ta miƙe sak wajen ramin tana neman motar da ta kawo ta.

"Ranka ya daɗe mai gemu," na ce, "haske shanya shi ake yi kamar barkono a tabarma. Kaɗan nan, kaɗan can, kada a bar lungu."

"Babban mutum a ba shi haske daidai da na mai keke? Ina tarbiyya?"

Sai ga mu a ofis. Ofishin ƙofa ce kawai a tsaye a tsakiyar fili, babu bango. Kwamiti ya zauna. Jemage ya ce shi dai bai ga wani duhu ba. Agwagwa ta kawo shawara a ɗauko ramin a kawo shi gindin fitila. Aka yi ta tafi.

Lantana na ta matsawa. Na ƙwala mata kira, muryata ta juya ta tafi baya.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai kuma wata jar mota a lungun da ƙamshin tsire ke fita daga cikinta, ana tari irin na Alhaji Tanimu maƙwabcinmu, wanda ya cika unguwa da cewa likita ya hana shi nama. Amma wallahi don Lantana na yi. Yawanci.

Na fizge mudun, na kamfato haske, na watsa kamar ina ba kaji tsaba. Na ƙara kamfatowa na watsa. Fili ya waye ko'ina, lungu da saƙo. Lantana ta ci birki, ƙafarta ɗaya a bakin rami.

Ta dubi ramin. Ta ɗago ta dube ni. Ashe har na isa jar motar, ina durƙushe, kunnena manne da gilashi.

"Kande," ta ce, "ke da girmanki?"

Duk 'yan biki suka juyo. Ko godiya babu.

Bunsuru ya ga motar uban biki ta zama daidai da ta kowa. Ya tofar da wayar bakinsa, ya ce shi ba zai yi aiki inda ba a san manya ba. Ga fili fetal ta kowane gefe, amma sai da ya bi ta ƙofar nan, ya bugo ta.

Garam!

Na farka, rana har ta shigo ɗaki. Jikata ta leƙo ta ce, "Iya, Baba Lantana ce. Ta zo da wani labari mai zafi a kan Alhaji Tanimu, ta gaji da tashinki, ta yi fushi ta bugo ƙofa ta tafi da abinta."