Ɗinkin Hannun Kwat

A gidan Auta babu abu mai ɓawo ko yadi da bai sha allura ba. Ayaba, lemo, matashin kujerar falo, har aljihun rigar mijinta. Tun da ta gama shekarar koyon aiki a asibiti ta ƙwallafa rai sai ta zama likitar tiyata, kuma tun lokacin jakarta ba ta rabuwa da allura mai lanƙwasa da baƙin zare. Ɗinkinta ba irin na tela ba ne. Kowane ɗinki tsaye yake shi kaɗai da ƙullinsa, an yanke zaren an bar masa 'yan kunnuwa biyu, kamar yadda ake rufe ciki bayan aiki.

Mijin nata malamin lissafi ne a sakandare, kuma da Malam take kiransa. Ya dawo wata rana yana dariya.

"Likita, yau ɗalibaina sun yi mini jaje. Wai yaushe za a cire wa aljihuna zare."

"Ka ce musu yana samun sauƙi."

Bara ta je ganawar neman gurbin horon ƙwarewa, aka dawo da ita. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa kamar me. Ta yi kuka har Malam ya rasa inda zai sa kansa, sannan ta yi wa yayarta alkawari: in bana ma ba a ɗauke ta ba, za ta haƙura ta zauna a ƙaramin asibitin Yaya, tana awon jini tana rubuta magani. Aiki ne mai kyau. Amma duk ranar da ta tuna da shi sai ta ji yatsunta sun yi sanyi, kamar an ce da mawaƙi ya koma karanta sanarwa.

Ana gobe ganawa Yaya ta zo mata da aron kwat ɗinta mai ruwan madara, da shawarwari cike da baki.

"Kada ki ce kina son taimakon mutane, sun gaji da jin wannan. Ki kalli mai tambaya a ido, amma ba kallon faɗa ba. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ban da kame-kame. Kina jina, Auta?"

"Ina ji, Yaya."

"Kuma don girman Allah kada ki kai musu zancen ayaba. Manyan mutane ne."

Malam ya ce, "To lemo fa, Yaya?"

"Kai ma ka shiga hankalinka. Kai ne ke ɗaure mata gindi."

Da safe, garin saurin fita, hannun kwat ɗin ya maƙale a marikin ƙofa, ya ɓarke daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa. Komawa neman wata riga ba zai yiwu ba. Auta ta tuɓe shi a bayan mota, ta buɗe jaka, hannunta ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarci kanta ba.

Yaya na jiransu a bakin asibitin da za a yi ganawar. Tana ganin baƙaƙen ƙulle-ƙulle jere a kan farin yadi ta dafe ƙirji.

"Auta, kwat ɗina kika yi wa tiyata? Da baƙin zare?"

"Shi ne a jakata."

"To ki ɓoye hannun nan a ƙarƙashin tebur. Ko sun roƙe ki kada ki fito da shi."

Ɗakin ganawar dogon tebur ne da fanka mai ƙara, da ƙwarangwal na roba a kusurwa wanda wani ya rataya wa hular tiyata. A tsakiya wani tsohon farfesa ne, tabarau a kan tsinin hanci. Damansa shugabar sashe, hagunsa wani likita mai yawan rubutu. Auta ta zauna, ta tura hannun hagu ƙarƙashin tebur, ta fara zubo amsoshin da ta haddace. Ita kanta tana jin muryarta kamar ta rediyo. Shugabar sashe ta duba agogo. Haka aka yi bara, daidai wannan wurin, kafin a ce mata an gode.

Farfesa ya sauke tabarau.

"Likita, tun da kika shigo ban ga hannunki na hagu ba. Rawa yake yi?"

In ta ci gaba da ɓoyewa, za su rubuta cewa hannun yana da matsala, kuma babu mai ba wa irin wannan hannu wuƙa. Ta nemi gafarar Yaya a zuci, ta ɗora shi a kan tebur.

"Lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe. Rigar ce ba ta da lafiya."

Tsohon ya jawo hannun kwat ɗin kusa da idonsa, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce. Ɗazu, a mota."

"Motar tana tsaye?"

"Tana tafiya. Mijina ke tuƙi, kuma shi ba ya ganin rami sai ya faɗa."

Mai yawan rubutun ya ajiye biro yana danne dariya. Farfesa bai yi dariya ba. Ya kama kunnen ƙulli na ƙarshe ya ja kaɗan, sai ga shi ya zame.

"Wannan fa? Da hanji ne, da mun sake buɗe mutum."

Ta buɗe baki za ta ɗora wa rami laifi, sai ta fasa.

"Kuskurena ne. Na ga mun iso, na yi sauri, ban juya hannu a ƙulli na biyu ba."

"Hmm. A kan me kike koyo a gida?"

Muryar Yaya na kai-kawo a kunnenta.

"Ayaba, ranka ya daɗe."

"Ɗanya ko nunanniya?"

"Duka. Ɗanya kamar fatar bayan saurayi take, tana jure ja. Nunanniya kuwa irin ta tsofaffi ce, in ka matse zare sai ta tsage, dole ka lallaɓa ta."

Daga nan ta manta da haddar gaba ɗaya. Ta ba su labarin wata tsohuwa da ta ɗinke wa goshi lokacin koyon aiki, yadda fatar ta riƙa yagewa a hannunta, yadda ta koma gida ta zauna da ayaba har ta gano inda take matsewa. Tana magana hannayenta biyu suna ta ƙulli a iska. Shugabar sashe ba ta sake duba agogo ba.

Da za ta fita, Farfesa ya ce, "Kada ki gyara ƙullin nan. Ranar da za ki fara aiki ki zo da rigar, ki sake shi a gabana."

Shugabar sashe ta ce, "Farfesa, ai akwai sauran mutane a waje."

"To a shigo da su mana."

A ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa Yaya ta tare ta.

"Kin ɓoye hannun?"

"A'a."

"Ayaba fa?"

"Shi ya tambaya, Yaya."

Yaya ta zauna a kan benci tana salati. Malam kuwa ya kalli fuskar matarsa kawai, ya ga yadda idanunta suka cika suna ƙyalli, ya juya gefe yana shafa aljihunsa mai ɗinki.

Da saƙon cewa an ɗauke ta ya iso, Yaya ce ta fara zuwa barka, ta rungume ta har da hawaye. Sai da za ta tafi ta miƙa hannu.

"Kwat ɗina."

"Ai ba a sallame shi ba tukuna," in ji Auta. "Farfesa zai sake duba shi."