Kwalba Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ina wanke kwalabe da kunna injuna a ɗakin gwajin ruwa na jami'armu, kuma wallahi ban taɓa ganin kai irin na Dakta ba. Kwamfuta ɗalibai suke ce mata a bayan idonta. Za ta kalli takardar sakamako mai layi ɗari sau ɗaya tak, ta ce, "Malam, na sittin da uku ba daidai ba ne, sake." In sake, in tarar ita ce da gaskiya, in zauna ina ta salati. Amma fa ko gaisuwa sai ka tuna mata. Ni da na kusa haifarta, sai da muka shekara uku tare kafin ta san ina da iyali.

Bara waccan muka bi unguwar da ke bayan katangar jami'a gida gida, muka ɗebi ruwan rijiyoyi ɗari da ashirin. Ƙa'idar bincike ita ce ba a rubuta sunan mai gida a jikin kwalba, lamba ake sawa, don kada a tona asirin kowa. Takardar da ta nuna wace lamba ce ta wane gida kuwa, da an gama ɗiba sai a ƙone ta. Ni na ƙone ta da hannuna, Dakta na tsaye tana yaba mini.

Aikin ya yi kyau ba kaɗan ba. Wata babbar mujalla ta ƙasar waje ta buga shi, aka gayyaci Dakta taro don a karrama ta. Saura kwana uku ta tafi, ta tara malaman sashe ta gwada musu jawabinta. Ina can baya ina riƙe da injin haska bango. Hoto ya fito, ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jere a ƙasa, ga wani ja shi kaɗai can sama.

"Wannan ita ce arba'in da ɗaya," in ji ta. "Gubar dalmar da ke cikin ruwanta ta ninka abin da aka yarda da shi sau talatin. Yaron da ke shan sa, ƙwaƙwalwarsa ce ke lalacewa a hankali."

Shugaban Sashe ya buga tebur. "Kai! Ai wannan ɗigon shi ya ɗaga takardar!"

Ni kuwa bakina ba shi da linzami, matata ma ta gaji da faɗa. Na ce, "Ranki ya daɗe, rijiyar wa ce?"

Shugaban Sashe ya waiwayo ya ce, "Malam, wannan ai ba tambayar kimiyya ba ce." Wani ya yi dariya. Dakta ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon jan ɗigon nan, sannan ta ce, "Ban sani ba." Tun da nake ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba.

Washegari ta shigo da takalmin roba da kwali cike da sababbin kwalabe. Shugaban Sashe ya tare ta a ƙofa.

"Dakta, jirginki fa jibi ne! Ke malamar jami'a ce, ba duba-gari ba. Rubuta wa hukumar lafiya wasiƙa mana."

"Na rubuta, ranka ya daɗe. Sun ce wane gida. Me zan ce musu?"

Jirgi ya tashi ba da ita ba.

Muka raba layukan unguwar don sake ɗibar ruwan rijiyoyin, ita gabas, ni yamma. Wannan karon da izinin masu gida muka rubuta suna. Injinmu tsoho ne, kwalba takwas yake ci a wuni, ko ka yi kuka. Kullum Dakta na tsaye a kansa, ba ci ba sha. Rana ta goma sha ɗaya takarda ta fito, ta kalle ta sau ɗaya, ta ce, "Ga ta." Kwalbar daga ɓangarena take, gidan wata tsohuwa mai wankau. Ranar da na ɗiba da tsakar rana ban same ta ba, an ce ta kai jikanta asibiti.

Da sassafe muka isa. Tun daga bakin ƙofa muka ga bokitai da jarkoki a jere har bakin rijiya, mata da yara na jiran layi. Tsohuwar ta ajiye wankinta ta taso da fara'a.

"Lale, lale da 'yar jami'a! Ai na gane ki, 'yata. Ke kika ɗebi ruwanmu bara waccan."

"Ni ce, Inna. Waɗannan mutanen fa?"

"Maƙwabta ne. Ai cewa kika yi in akwai matsala za ku dawo. Da muka ga shiru, sai muka ce to, masu ilimi sun duba, lafiya lau ne. Ni na yi ta gaya wa mutane. Ga shi rijiyata ba ta ƙafewa da rani, shi ne duk layin nan suka dawo nan."

Innalillahi. Da hannun nan nawa fa na ƙone takardar.

Dakta ta taka har bakin rijiya, ta karɓi guga daga hannun wata yarinya, ta zubar da ruwan a ƙasa, ta ja murfin ta rufe da kanta. Sannan matar da aka gayyata a karrama a wata ƙasa ta durƙusa a cikin caɓin wanki, gaban tsohuwar, ta gaya mata komai, ba ta ɓoye laifinta ba. Ta ce a tattaro duk yaron da ya taɓa shan ruwan nan, yau za a kai su a gwada jininsu.

Suka yi layi, su ashirin da shida. Na buɗe littafi na fara ba su lamba, yadda hannuna ya saba. Dakta ta zare biron daga yatsuna, ta soke abin da na rubuta. Ta dubi na farkonsu, jikan tsohuwar, wani ramamme da bai fi shekara huɗu ba. Ta ce, "Yaya sunanka, ɗana?"