Saitin Tayar Baya

Sau uku ke nan tela yana maido da tsohuwar motarsa gareji, sau uku kuma tayar baya ta hagu tana cinyewa ta ciki kamar an yi mata aski. Motar ta girmi 'ya'yansa duka, amma ko ƙwarzane babu a jikinta.

Makanikin ya ja zare daga gaba zuwa baya, ya auna da tef, ya sake aunawa. Saiti daidai. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Maigida, wa ke zama a bayan nan, ɓangaren hagu?"

Tela ya kalli ƙasa. "Yayata."

"Kullum?"

"Kullum. Ni ke kai ta shagonta, ni ke ɗauko ta."

"To ai shi ya sa. Ni ina saita mota babu kowa ciki. Tana shiga sifirin ya kwanta, taya ta buɗe ƙafa. Kawo ta ta zauna, in saita da ita a ciki."

Yayar nan ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mutum na ƙarshe da ya yi mata maganar ƙiba wani likita ne, har yau ko layin asibitinsa ba ta bi. In ta ji wannan, ta bar shiga motarsa ke nan, kuma a wannan zuwa da dawowar kaɗai suke samun hira.

"Mu sa buhun siminti mana," in ji tela.

"Buhu nawa?"

Tela ya fara ƙirga da yatsu, lissafi ya ƙi.

"Ka gani? Kuma buhu ba ya jingina da ƙofa."

Washegari da safe tela ya karkata da mota cikin gareji da yayarsa a baya, ya hau kan ramin gyara, ya fito.

"Yaya, yi zamanki, iska kawai za a ƙara."

Makanikin ya faɗa rami da sifana. Ya kwance noti, ya cusa washa, ya leƙo ya duba zare, ya koma. Can sai ga muryarsa daga ƙasa.

"A daina motsi a sama! Zaman da aka saba za a yi. Jakar ma a maida ta cinya."

Yaya ta sauke gilashi a hankali.

"Kai na ƙasa, wace irin iska ce ake ƙarawa da sifana?"

Tela ya shiga tari, yana yi wa makanikin alama da ƙafa. Ina! Mutumin ya turo kai, duk baƙin mai a goshi.

"Hajiya, ba iska ba ce. Nauyinki ke cin taya, shi nake saitawa."

Tela ya fara neman inda zai sa ransa.

Yaya ta gyara zama, motar ta yi ƙara, ta ɗora jaka a cinya.

"Shekara nawa ina jin kukanta duk sanda na shiga, ka ɗauka kurma ce ni? To ka saita da kyau, ka bar ɗan sarari, don ba ni da niyyar ramewa." Ta juyo kan ƙanenta. "Kai kuma da furfurarka, har yau ƙarya ma ba ka iya ba. Daina tarin nan, ka riƙe masa zare, masu saye na jira na."