Cocin da Kawu Veniamin Ya Tuna

Kawu Veniamin ya ce duk faɗin Rasha babu mai karanta zane kamarsa. Ya faɗa ne a sadakar arba'in ɗin mahaifiyarsa, Kaka Marfa, bakinsa cike da alkama da zuma, amaryarsa Zlata na gefe tana gyaɗa kai.

Tasya, jikar marigayiyar, ta ci gaba da zuba shayi. Ta san inda zancen ya dosa: zanen nan da ke rataye a kusurwar addu'a, na ƙauyensu Osinovka kafin madatsar ruwa ta shanye shi. Tudu ne kawai, da farin coci, da itatuwa, da hanya, da gajimare. Baban Kaka ne ya zana. Kullum shi Kaka ke fuskanta in za ta yi addu'a, tunda cocin na ƙarƙashin kogi, kuma ta ce kada ya bar ɗakin.

Kawu ya miƙe, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya. Wai gajimaren can kukan al'umma ne, hanyar da ta karkace kuwa ruhin ɗan Adam ne ke neman Ubangiji. Abu irin wannan, in ji shi, a birnin Fitasbog ya dace, a falonsa, ba wurin yarinyar da ko jami'a ba ta leƙa ba.

"Ba inda zai je, Kawu," in ji Tasya.

"Ke Tasenka, me kika sani? Ni a cocin nan aka yi mini baftisma. Har yau ƙararrawarsa na kaɗawa a kunnena."

Ya dafe ƙirji. Zlata ta share hawaye. Ya kai hannu zai sauke zanen, Tasya ta sha gabansa da butar shayi a hannu.

"Ashe ka manyanta, Kawu. Baƙin gashin nan ne ya rufe mana ido."

Ya tambaya me take nufi.

"Kaka tana 'yar shekara tara ruwa ya ci cocin. Ka ga kenan ka girmi uwarka."

Wata tsohuwar maƙwabciya ta ƙware da shayi, aka shiga bubbuga mata baya.

Zlata ta juyo ta ƙare wa mijinta kallo, tun daga rinannen gashi har takalmi.

"Venya, ba hamsin da biyar ka ce mini ba?"

Kawu ya sauke hannu, ya koma ya zauna, ya ce a miƙo masa fanke.